Da Sai an Ga Lamba Ake Shiga Mauludin Azare

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. An samu ƙyanda a wasu ƙauyukan Shira, ga Mauludin Azare ya matso.

Wannan ya tuna mini shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina sabon ɗan kasuwa, lokacin annobar agana. Tun kafin taro duba-gari ke zaga gari. Ya leƙa rijiyoyi da randunan baƙi, ya tambayi masu unguwanni inda aka kwanta ciwo. Ranar taro ya tsaya bakin gari, kowa ya naɗe hannun riga a ga tabon lambar rigakafi. Marar tabo a yi masa nan take.

Wani dattijon Bafillace daga Gadau ya ƙi. Duba-gari ya ce, "Haba Baffa, shanunka duk an yi musu allura, kai kaɗai ka rage a garken?"

Ya ce, "Malam, saniya ba ta riƙe sanda. Hannu ya kumbura, wa zai yi kiwon?"

Aka yi ta dariya, ya miƙa na hagu. Wasu kan koma gefe su goge wurin da lemun tsami don kada lambar ta kama, sai duba-gari ya koma shinshina hannu. Mun yi ta gunaguni, amma kwana muke a taro hankali kwance.

Yanzu 'yata na son zuwa daga Disina ta ƙasar Shira da jaririnta, watansa bai kai na allurar ƙyanda ba. Likitocinku su ba mu shawara: ta zo ko ta haƙura? An ce ma'aikatan lafiya za su tsaya a tasha, amma har yau ba a tabbatar ba.