Jirgin da Tasi'u Zai Sauke a Gonar Baba

Sakinatu: Salamu alaikum. Halo? Tasi'u?

Tasi'u: Wa alaikumus salam. A'a, Yaya Sakinatu! Ina wuni?

Sakinatu: Lafiya lau. Ya Ungogo? Ya gajiya?

Tasi'u: Ba gajiya. Ya mutanen Gezawa? Ya su Inna? Ya ƙafar Baba?

Sakinatu: Da sauƙi, sai dai gwiwar har yanzu ba ta lanƙwasuwa. Ya damina?

Tasi'u: Ruwa ya yi gyara. Ku fa, kun samu?

Sakinatu: Mun samu har ya so ya yi yawa. Ya shagon gyaran waya?

Tasi'u: Gyaran me?

Sakinatu: Waya! Shagonka nake tambaya!

Tasi'u: Au, shago. Muna nan ni da shi muna kallon juna, ba wuta ba ciniki. Ya yara?

Sakinatu: Suna lafiya. Tasi'u, ina gidan Baba yanzu haka, na fito bayan rumbu don kar a ji ni. Tambayarka zan yi, kuma don Allah ban da kwana-kwana. Jirgi za ka saya?

Tasi'u: Kai! Wa ya gaya miki? Wallahi kin kira a kan gaɓa, na rasa wanda zan ɗauka.

Sakinatu: Innalillahi. Ashe da gaske ne.

Tasi'u: Guda biyu ne, Yaya, duk ƙanana. Ɗaya fuka-fukinsa a sama suke, kamar rumfa a kan mutum, kina leƙawa ta taga kina ganin ƙasa tar. Ba shi da gudu, amma ko a ɗan fili zai tsaya. Ɗayan kuma fuka-fukinsa a ƙasa, ga gudu ga kyau, sai dai yana da nauyi, ina tsoron ya shaƙe min…

Sakinatu: Ya shaƙe ka? Tasi'u, a ina ka sami abin sayen jirgi? Kai da ranar Juma'ar da ta wuce sai da Inna ta cika maka kuɗin mota? Gaya min gaskiya, wasu mutane ka faɗa hannunsu?

Tasi'u: Ya shaƙe min kwamfuta na ce! Kwamfuta!

Sakinatu: Me ya haɗa jirgi da kwamfuta?

Tasi'u: Haba Yaya, a cikinta yake! Wasan tuƙin jirgi ne. Kina zaune a ɗaki, ga allo a gabanki, ga sandar tuƙi a hannu, ki tashi daga Kano ki zagaya ki dawo. Jiragen da wasan ya zo da su na gaji da su, shi ne ake sayen ƙari a intanet, mutum ya sauke.

Sakinatu: Mutum ya me?

Tasi'u: Ya sauke. Ya jawo shi daga intanet zuwa cikin kwamfuta, kamar yadda kike sauke wa'azi a waya.

Sakinatu: Allah ya isa tsakanina da wannan kalma. Tasi'u, waccan Juma'ar da ka zo gida, me ka ce a waya a rumfar Dabo mai faci?

Tasi'u: Da abokina nake magana. Cewa na yi in na zaɓa zan dawo Asabar ta sama in sauke shi a gonar Baba, don can sabis ya fi ƙarfi, ga ƙarfen sabis nan kusa da…

Sakinatu: Ka sauke jirgi. A gonar Baba. A kunnen Dabo!

Tasi'u: To ai… Au. Subhanallahi.

Sakinatu: Yanzu ka ce subhanallahi! Kafin magariba labari ya gama gari. Mata sai shigowa suke suna yi wa Inna murna. Jiya wata ta zo da kwano, wai a taimaka mata tunda Allah ya buɗa mana. Inna ta rasa inda za ta sa kanta.

Tasi'u: Wallahi abin dariya ne, Yaya.

Sakinatu: Yi dariyarka ka gama. An janye gayya.

Tasi'u: An gayyaci wa?

Sakinatu: Gayya! Gayyar noman gonar Baba da aka sa gobe Asabar! Nababa da ke haɗa mutanen ya ce gidan da ake sayen jirgi ba sa bukatar fartanyar talaka, su ɗauko 'yan ƙwadago. Kuma kan iyakarmu ɗaya da shi, ya ce in iskar jirginka ta kwantar masa da dawa ko kara ɗaya, sai gaban mai gari.

Tasi'u: Wane jirgi ne zai sauka a gonar nan? Gonar da in ka yi atishawa a tsakiyarta maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu?

Sakinatu: Sai ka je ka gaya wa Nababa. Ni dai ciyawa ta kusa haɗiye geron nan, an makara da noman farko, Baba ba ya iya sunkuyo. 'Yan ƙwadago kuwa a bana, ko tambaya ba a yi. Inna ta jiƙa geron da ya rage mata don furar masu gayya, ga shi can yana tsami. In satin nan ya wuce ba a yi noma ba, me za a zuba a rumbun da nake tsaye a bayansa?

Tasi'u: Ki bari kawai, gobe ina zuwa da kwamfutar in nuna musu. Shi ya sa ma nake ganin mai fuka-fuki a sama ya fi, don in na bi ta kan garinmu za su ga hanyar Gezawa, su ga…

Sakinatu: Tasi'u!

Tasi'u: A'a, tsaya ki ji. Ɗaya kaɗai datata za ta iya ɗauka, kuma ragin da suka yi ya kusa ƙarewa. Shi na saman, agogunansa na da ne, masu allura, da su ake koyon tuƙi na gaskiya. Shi kuma na ƙasan…

Sakinatu: Ka sayi mai ƙaho in ka ga dama! Ina maka maganar abincin shekara kana min maganar allura! Gemu a fuskarka, ana wannan tsadar da mutane ke cin rama da ƙuli su kwanta, kai kana ɗaki kana vuu-vuu da sanda?

Tasi'u: Yaya, ba na shan komai, ba na zaman majalisa. In na rufe shago ba ciniki, nan ne kaɗai nake shiga kaina ya huce. Kin manta ni ne Baba ke dukan ƙeyata a gona don na saki fartanya ina kallon jirgin Kano? Makarantar tuƙi ba ta irinmu ba ce, na haƙura. Wannan ɗin ma laifi ne?

Sakinatu: Ban ce laifi ba ne. Bakinka ne laifi. Halo? Kana ji na?

Tasi'u: Ina ji. To ki je ki yi wa Nababa bayani mana, ai magana ɗaya ce.

Sakinatu: A da ne take magana ɗaya. Baba ya yarda, Tasi'u.

Tasi'u: Ya yarda da me?

Sakinatu: Da jirgin! Tun waccan Juma'ar yake sa babbar riga ya zauna a ƙofar gida. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun kafin ciwon ƙafar nan. Jiya a ƙofar masallaci Nababa ya yi masa habaici, shi kuma ya ce a gaban kowa su riƙe gayyarsu, Allah ya ba shi ɗa. Ta yaya zan je in ce wasan yara ne?

Tasi'u: Wayyo Allah. To ke ki fara gaya wa Baban, a hankali.

Sakinatu: Ni? Ni na sauke? Wanda ya ɗaure kura ai shi ya san yadda zai kwance ta. Ga shi nan ma ya leƙo da sandarsa. Baba! Ga Tasi'u a waya.

Tasi'u: Yaya, kar ki ba shi, tsaya in shirya… Yaya!

Baba: Salamu alaikum. Tasi'u ne?

Tasi'u: Wa alaikumus salam, Baba. Barka da yamma. Ya ƙarfin jiki?

Baba: Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka. Na ji wai guda biyu ne ka rasa na zaɓe?

Tasi'u: Eh… wato Baba…

Baba: Dabo ya yi min bayaninsu. Ɗauki mai fiffike a sama. Na ƙasan nan zai sare wa Nababa dawa, kuma duk abin da ya faɗa, maƙwabci maƙwabci ne. Irinsa na taɓa gani yana feshin tsuntsayen jan-baki muna samari, ɗan mitsitsi da shi. Ta gabas za ka shigo, can babu bishiya.

Tasi'u: Baba, don Allah ka saurare ni.

Baba: Ina ji.

Tasi'u: Ba jirgin gaske ba ne. Hoto ne a cikin kwamfuta. Wasa ne, Baba. Saukewar da na ce, sabis nake nufi, ba… Halo? Baba, kana ji na?

Baba: Ina ji.

Tasi'u: Ka yafe min. Wallahi ban san Dabo yana saurare ba.

Baba: Wasa.

Tasi'u: Eh, Baba.

Baba: Mutum ba ya shiga ciki.

Tasi'u: A'a.

Baba: To.

Tasi'u: Ni zan je wajen Nababa da kaina, in durƙusa in ba shi haƙuri, in ce…

Baba: Ba kai ka yi magana a ƙofar masallaci ba. Ni zan je. Sakinatu, shiga ki ce wa uwarku ta ninke rigar nan ta mayar akwati. Tasi'u.

Tasi'u: Na'am, Baba.

Baba: Ka biyo motar farko. In akwai fartanya a birnin naku ka aro, ciyawa ba ta san wasa ba.

Tasi'u: In sha Allahu. Baba, ni dai ina so ka san… Baba? Halo? Halo!