Birkin Jar Mota

A bencin garejin bakanike, wata dattijuwa ta dubi mutumin da ke zaune kusa da ita.

"Ɗana, jar motar can taka ce? Gudu za a ƙara mata?"

"A'a, Mama, birki ne. Da can in na taka sai in ji kamar soso. An canza man birki da tiyo, an sa manyan faya-fayan birki. Yanzu ina taɓawa take tsayawa cak!"

"Ikon Allah! Ka sayi motar gudu, kana murnar tsayawa?"

Ya yi dariya. "Shekara tara muna jiran haihuwa. Gobe zan ɗauko matata daga asibiti."

"Ita da jariri?"

"Jarirai dai."

"Tagwaye! Barka, ɗana! Kai bakanike, sake duba birkin nan da kyau, jikokina ne za su hau!"