Ai Dusa Ce

A filin sayar da gidajen da ake haɗawa a masana'anta, bakin titin Gate City Boulevard a jihar Carolina, wani magidanci ɗan Nijar yana ta shafa bangon wani gida yana murmushi. Wata dattijuwa 'yar Jos da ta ji yana Hausa a waya ta matso.

"Malam, kai za ka saya?"

"Ni ne, Anti. Na samu aiki a Minnesota. Tirela za ta kai mini shi har can, gida sukutum a kan taya. Tsohuwata za ta zo daga Damagaram, ga ɗakinta nan, taga biyu."

"Kai, madalla. Amma rufin fa? Don nan Carolina mai ɗumi aka yi wannan."

"Sun ce akwai mai ƙarfi, na ƙasar sanyi. Na ce na me? Abin da ake tsoro ai sunansa dusar ƙanƙara. Dusa kuwa, kana hurawa ta tashi."

"Haka maigidana ya ce da muka sayi namu a Buffalo, garin dusar ƙanƙara."

"To, kin gani. Kuna can har yanzu?"

"Ka gan ni nan ina neman gida."

Ya sauke hannunsa daga bango.

"Kun yi kiwo a gida?" in ji ta.

"Cikin tumaki na tashi."

"In an jiƙa musu dusa cike da baho, kai kaɗai kake ɗagawa?"

Ya dubi rufin, ya dubi ɗakin tsohuwar.

"Anti, don Allah kar ki tafi. Zo mu ga mai ƙarfin tare."