Sifirin da Buhun Albasa

Ranar sha biyu ga Mayu, shekara talatin da ɗaya ke nan, aka ɗauke sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen nan da ke miƙewa ta koma, daga ɗakin gwajin makarantar nan. Amma bari in fara yadda aka saba.

Shugaban taro, wato tsohon shugaban makarantarmu, manyan baƙi, malamai, iyaye da ɗalibai, assalamu alaikum. Na gode da aka tuna da tsohon malamin kimiyya yau da ake buɗe sabon ɗakin gwaji, ko da yake kujerar bakin ƙofa aka ba ni.

An ce in yi ɗan darasi. To, ga shi. Ka rataye sifirin, ka maƙala masa dutsen awo, ka ja ƙasa, ka saki. A ƙasa ƙarfin yana cikin miƙewar sifirin, a tsakiya ya zama gudu, a sama ya koma cikin tsayin da dutsen ya hau. Ƙarfi ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa. Haka kayan makarantar nan, jama'a, ba sa ɓacewa. Fankar ɗakin gwaji ta sauya kama ta zama ta falo, tukunyar gas ɗinmu ta zama ta girki.

Sifirinmu ɗaya ne tak. Saura kwana biyu jarrabawa, mai sito ya shigo ya ce, "Malam, Shugaba ya ce a ara masa abin nan mai lilo, zai auna buhun albasa."

Na ce, "Rabin kilo fa yake ɗauka."

Ya ce, "Haba Malam, ƙarfe ne, ba roba ba!"

Ya dawo mini da shi kamar igiyar shanya. Na kai wa Shugaba, ga shi nan zaune, na ce, "Ranka ya daɗe, ya wuce iyakarsa, ba zai koma ba." Ya ce, "Duk karatunka? Matse shi mana."

Ranar jarrabawa yara suka rataya dutse, ya sauka, ya zauna. Ɗalibata mafi ƙwazo, wadda muke kira Me-ya-sa saboda yawan tambayarta, ta dube ni, ranar ba ta tambayi komai ba. A rahoto aka rubuta sakacin malami.

Allah ya albarkaci wannan ɗaki, ya tsare sifirinsa daga albasa, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode da kuka saurare ni.

Yara ashirin da bakwai suka faɗi jarrabawar a waccan shekarar, har da Me-ya-sa. Me-ya-sa ba ta ƙara zama a aji ba.