Gem Ɗin Yara

A rumfar mai gyaran kwamfuta a kasuwar Lafia, Siddiq na zaune a benci rungume da kwamfutarsa yana jiran layi, matarsa Yagana na gefe da goyo. Wani mai jira, Terngu, ya leƙo.

"Oga, me ya same ta?"

"Bairos ne. Kowa ya zo da filas sai ya soka mata. Yanzu ko bidiyon sunan ɗana ba ta buɗewa."

"Sa mata Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne daban. Kyauta ne, kowa na iya kwafa ya ba wani, kuma wannan bairos ba ya kama shi. Fim da waƙa duk zai yi."

"Gem ɗin ƙwallo fa?"

"Wannan kam da wuya ya tashi."

"To ba na so. Yara za su yi kuka."

Terngu ya dubi jaririn da ke barci a bayan Yagana. "Yaran su nawa?"

Siddiq ya sosa ƙeya. "Shi kaɗai ne tukuna."

Terngu ya kwashe da dariya. "Ni ma ba don bairos na sa ba. Samarin layinmu a Bukan Sidi suka mai da falona gidan gem, ba sa tashi sai an sauke tukunya, kuma ka san ba a korar maƙwabci. Tun da gem ya ƙi tashi, ko ɗaya bai dawo ba. Yanzu doyata tana auki."

"Haba! To abokaina a ina za su..."

Yagana ta gyara goyo ta matso. "Bawan Allah, sake faɗin sunan tsarin nan da ƙarfi, mai gyara ya ji."