Lambar Wata Mota a Gilashina

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Sunana Sani, direban tasi ne ni a Nasarawa Gwom.

Makon jiya a hanyar Bukuru na matse bayan wata tifa mai ɗauke da tsakuwa. Na danna babban yatsa a jikin gilashin gaba kamar yadda muka saba, wai don kada ya fashe. Yatsan bai hana komai ba, dutse ya faɗo ya tsaga gilashin. Direbobi, ku riƙa ba tifa tazara.

Ina tsayawa sai ga wani mutum, kamar dama jirana yake yi. Ya ce, "Oga, kar ka damu, ina da na hannu mai araha." Na kwatanta masa gidanmu. Washegari ya kawo, ya saka, ya tafi da sauri.

Sai da nake wanke motar na ga lambar wata mota a kusurwar gilashin, irin wadda ake zanawa saboda ɓarayi, an kankare rabinta. To, a ranar ce maƙwabcina Oga Emeka ya wayi gari an cire gilashin motarsa, kuma motocinmu iri ɗaya ne. Ragowar lambar ta yi kama da tasa.

Jama'a, ku ba ni shawara. In na nuna masa, ba zai ce ni na aika ba? Yanzu a bayan gidanmu nake ɓoye motar, shi kuwa kullum da safe sai ya gaishe ni ya ce, "Sani, ka taya ni sa ido."