Ruwan Farko

A tashar Gazawa, ƙarshen bazara, Zulai na fifita da gefen mayafinta. Kusa da ita wani tsohon makiyayi yana duban gabas.

"Baba, ku kuka san sama. Hadarin nan zai zubar?"

"Ba yau ba, ɗiyata. Iska ce kawai."

"Haba Baba! Muna gasuwa, kuna faɗi kamar da murna?"

"Ke saurin me kike? Shuka?"

Ta sunkuyar da kai. "Maigidana yana ci-rani. Ruwan farko ke maido shi."

"Ni kuwa ruwan farko ke tafiya da jikokina arewa da shanu. Bana ƙafata ba za ta iya binsu ba."

Zulai ta daina fifita.

"To, ruwan ya ƙara jinkiri ko na mako guda, Baba. Zafin ba zai kashe ni ba."